Shuɗin Mai Teku

Idan ka ga mutum da shuɗin fenti a ƙarƙashin farcensa, wanda sabulu ya kasa fitarwa, kananzir ma ya gwada ya haƙura, to ka gamu da Mai Teku. Sunansa na yanka yana nan a katin shaida, amma a unguwa ko matarsa sai ta ɗan yi tunani kafin ta tuno shi. Mai fenti ne, irin masu rubuta allon shago da zane a bango. Ka ce ya zana maka almakashi da mataji, zai zana. Ka ce kaza a kan faranti, zai zana har yawunka ya tsinke. Amma da zarar ka bar masa bango fili ka ce ya yi abin da ya ga dama, to teku ka saya, da ɗan jirgin ruwa can nesa da tsuntsaye a sama. Abin da kowa ya sani kuma, shi ma bai taɓa ɓoyewa ba, shi ne bai taɓa ganin teku da idonsa ba. Garinsu ko kogin kirki babu, sai wani rafi da ke cika da damina, ya ƙafe da rani yara su mayar da shi filin ƙwallo.

A murfin gwangwani ya samo tekun nasa. Mahaifiyarsa tana da wani gwangwanin biskit da take ajiye allura da zare da maɓallai, a murfin akwai hoton teku. Tun yana ƙarami in an neme shi an rasa, yana bayan ƙofa da murfin nan a cinya. Gwangwani ya yi tsatsa ya tafi, tsohuwa ma ta riga mu gidan gaskiya, amma shuɗin ya zauna masa a ido. Da ya shiga koyon fenti, shekarun farko duk a neman wannan launi suka ƙare. Shuɗin kanti ya yi masa duhu. In ya ƙara fari ya koma na sararin sama, in ya ɗiga kore ya zarce ya zama ruwan kududdufi. Maigidansa ya sha yi masa faɗa a kan ɓarnar fenti. Ranar da ya dace da haɗin, a farcen babban yatsansa ya gwada, ya fita rana ya duba, ya dawo inuwa ya duba, sannan ya kifa bokiti ya zauna a kai. Har yau ba wanda ya san ma'aunin, har matarsa, wadda ta ce ita ba ta ma tambaya ba tunda ba miya ba ce.

An yi zamanin da ba ka ratsa garin ba tare da ka ƙetare tekun Mai Teku ba. Yana bangon gidan abinci, yana labulen mai hoto, yana katangar makarantar yara, yana bayan motocin haya. Da shuɗin nan ya yi aure, da shi ya gina ɗakunansa, da shi ya sa 'ya'yansa mata a makaranta. Sai aka kawo injin buga fosta. Ka ba su hoto da safe, kafin yamma su miƙo maka leda mai faɗin bango tana ƙyalli. Mutane kuwa, Allah ya shirye su, ba su san alkunya ba. Wanda jiya yake rantsuwa da hannun Mai Teku, yau ya sa an lulluɓe zanen da hoton 'yan ƙwallo, in sun haɗu a hanya ya sunkuyar da kai kamar yana neman abin da ya yar. Ɗaya bayan ɗaya tekunan suka rufe, har ya rage saura guda.

Wannan gudan yana bangon shagon Mai Aski, amininsa tun na ƙuruciya. Shi ne teku na farko da ya zana a bangon wani, kuma ladansa aski ne kyauta har abada, alkawarin da Mai Aski ya cika ko da yake gashin da ake askewa ya kusa ƙarewa. Bangon yana bayan kujerar aski, saboda haka duk wanda ya zauna ya dubi madubi, kansa zai gani a tsakiyar teku. Kowace shekara Mai Teku yakan zo da ɗan gwangwani da buroshi ya taɓa inda ya koɗe. Ba ya ce wa kowa komai a kan bangon, amma in ya shigo shagon shi yake fara kallo kafin ya gaisa da mutane.

Na ukunsu shi ne Direba, mai jan tirela zuwa tashar jiragen ruwa, mutum mai murya kamar yana magana da wanda ke tsallaken titi. Shi kaɗai a cikinsu ya taɓa zuwa bakin teku, kuma bai taɓa barin kowa ya manta da haka ba. Abin da yake cewa tun suna samari shi ne teku ba shuɗi ba ne, launinsa na ruwan wanke-wanke ne, shi ya gani da idonsa. Mai Teku ya ce shuɗi ne. A kan bencin ƙofar shagon sun yi wannan musu har furfura ta fito musu. Shi kuwa Mai Aski mutum ne da ba ya son ɓacin ran kowa, duk kan da ke ƙarƙashin injinsa shi ke da gaskiya. In yana aske Direba ya ce lallai wanda ya gani ya fi wanda ya ji. In Mai Teku ya zauna ya ce ai hannu irin wannan ba ya ƙarya.

Da musun ya tsaya a benci da ba abin da zai faru. Amma ƙanen Mai Aski, wanda yake da kaso a shagon, ya shigo wata rana da fosta a naɗe a kafaɗa, ya jingine ta a kusurwa. Ya ce zamani ya wuce zanen hannu, kuma ma zanen ƙarya ne, ga Direba nan shaida. Direba, da yake bakinsa ya fi tunaninsa sauri, ya ce ƙwarai kuwa. Mai Teku ya dubi fostar, ya dubi bango. Mai Aski ya rasa inda zai sa kansa, ga ƙane ga amini. Don dai ya tsira ya ce, "To a je a gani mana. In shuɗi ne kamar na bango, bango ya zauna. In ruwan wanke-wanke ne, a manna fosta."

Ya faɗa ne yana zaton maganar za ta bi iska. Ai kuwa Direba ya cafe. Ya ce ranar Juma'a zai gangara da mota ba kaya, sai Litinin za a yi masa lodi, ga gaban mota fili, mai motar kuma ba zai hana ba. Masauki ya san wani mai araha. Abinci a tafi da shi daga gida. Kafin Mai Aski ya gama kakkaɓe tawul an gama magana, har an naɗa shi yaron mota na dole.

Kwanakin da suka rage Mai Teku bai san inda ya sa kansa ba don murna. Mutumin da bai fi ya ce maka sannu ba, sai ga shi yana tare mutane a hanya yana gaya musu zai je teku. Mai shagon fenti ya ji, mai gyaran keke ya ji, har wanda ya lulluɓe masa zane da hoton 'yan ƙwallo ya ji. Ya samo guntun katako mai faɗin faranti, ya goge shi da sanfefa, ya haɗa shuɗinsa ya shafa a fuska ɗaya, ya bari ya bushe a kan rufi, ya sake shafawa. Bayan katakon ya bar shi fari yadda yake. Wannan shi ne shaidarsa, zai ɗaga shi a gaban teku kowa ya gani. Ƙaramar 'yarsa ta koya masa ɗaukar hoto da waya, ya ɗauki babban yatsansa ya fi a ƙirga. Uwargida ta dafa ƙwai, ta sayo burodi da kifin gwangwani, ta cika jan filas da shayi, ta kuma ba shi kwalba ta ce ya ɗebo mata tekun ita ma ta gani.

Ita kaɗai ta lura cewa a ƙarƙashin murnar akwai tsoro. Tana ninke masa kaya, ba ta ko ɗago ba, ta ce, "Baban yara, in ma ba shuɗi ba ne, ai da shi muka ci muka sha." Ya san gaskiya ta faɗa, amma ba cin da shan ne ya dame shi ba. Tsoronsa kada ya zamana duk rayuwarsa hoton gwangwani yake kwafa, kuma gwangwanin ƙarya ya yi masa.

Tafiyar kuwa sai wanda ya gani. Dattawa uku a gaban tirela, filas a tsakanin ƙafafu, ledar ƙwai tana lilo a jikin madubi, rediyo yana waƙa suna bi ba wanda ya san baitin. Mai Teku ya karɓe gefen taga ya rungume katakonsa a cikin tsohon tawul. Kowane tafki suka wuce sai Mai Aski ya tambaya ko an iso, Direba ya yi masa dariyar ƙeta. Ƙasa ta yi ta canzawa, itatuwa suka ƙara tsawo da duhu, iska ta yi nauyi har riga tana manne wa mutum a baya. Mai Aski ya sauka sa wa taya dutse a wani gangare, ya dawo yana haki yana cewa shi fa aski ya koya. Suka kwana a tashar manyan motoci, gari na wayewa suka kama hanya. Can hantsi wani wari ya shigo ta taga, na kifi da gishiri da wani abu da Mai Teku bai san sunansa ba. Direba ya ce, "Ka ji shi nan." Tsoro da daɗi suka kama Mai Teku a lokaci guda.

Birnin cike yake da hayaniya da cunkoso. Direba ya ajiye mota a filin da ake jiran lodi, ya ja su zuwa wata katanga mai tsagewa ya ce su leƙa. Tsakanin manyan jirage biyu ga wani ruwa baƙi-baƙi, mai yana yawo a kansa, da ledoji da bawon lemo. Direba ya buga ƙirji ya ce ga tekun nan, shekara da shekaru nan yake gani. Mai Teku ya leƙa ya daɗe, sannan ya ce wannan bayan gidan teku ne, shi zaure ya zo gani. Mai Aski ya ce lallai Direba yana da gaskiya, amma maganar Mai Teku ma abin dubawa ce.

Masaukin yana saman wani shagon sayar da raga da igiya, ana hawa ta wata matattakala da sai mutum ya karkata kafaɗa. Mai gidan wata dattijuwa ce mai faɗin fuska, suka kira ta Iya. Ɗaki ɗaya ne, gado ɗaya da katifa a ƙasa, da fanka mai juya kai gefe guda ta ƙi dawowa. Direba ya riga ya cika musu baki cewa daga tagar ana hango teku. Mai Teku ya hau gado, ya ɗaga dunduniya, ya karkata wuya, abin da ya gani tankin ruwan maƙwabta ne da wandon wani a kan igiya. Suka yi dariya har Mai Aski ya zauna a ƙasa. Ba wanda ya damu, ba barci ya kawo su ba.

Suna saukowa da tabarma da filas da ledar abinci, Iya ta tambaye su inda za su. Suka ce bakin ruwa, amma ba inda ake biyan kuɗin shiga ba, wajen masunta. Ta kwatanta musu motar da za su hau, sannan ta ce, "Ku dai kula. Ruwa ya janye yanzu, amma yana dawowa."

Direba ya ce, "Mun sani, Iya. Mu ma muna da rafi a garinmu. Sai damina ke nan."

Iya ta dube shi, ta ɗauka barkwanci ne irin na baƙi, ta yi dariya ta koma kan ɗinkin ragarta.

Suka sauka a ƙarshen hanya, suka ratsa tsakanin rumfunan masunta, suka hau wani tudun yashi. Sama a lumshe take da gajimare. Daga kan tudun suka ga fili, fili mai faɗin da ido ba ya kai ƙarshensa, na jiƙaƙƙen yashi, ga kwale-kwale birjik a kwance a gefensu a kan tudu. Ruwan kuwa yana can nesa kamar wani zare. Direba ya gyara tsayuwa ya yi musu bayani: rani ne, teku ya ƙafe, jiragen nan duk damina suke jira. Ya ce ma sun yi sa'a, da sun ƙara wata guda da ƙwallo za su tarar ana bugawa. Abin ya yi daidai da duk abin da suka sani game da ruwa, saboda haka ba wanda ya yi musu.

Suka tuɓe takalma suka nausa. Tun Mai Teku yana tafiya har ya fara sauri, tun yana sauri har ya ruga, dattijo da furfura, riga tana kaɗawa, tawul a hammata. Ƙarar ce ta fara isa gare shi, wani ruri da ba ya tsayawa, abin da gwangwani bai taɓa gaya masa ba. Da ya kai bakin ruwa ya tsaya. Igiyar ruwa ta taso ta zo ta shafi ƙafarsa ta koma, yashi ya zame a ƙarƙashin dunduniyarsa, ya yi baya yana dariya kamar yaro. Ya ɗebo da tafin hannu ya kai baki, ya tofar, ya juyo yana gaya wa Mai Aski da gaske gishiri ne. Girman abin ya cika masa ƙirji har hawaye suka zo. Ya ji daɗin da bai taɓa jin irinsa ba tun ranar da aka haifa masa 'yar fari.

Sai Direba ya iso ya ce a fito da shaida.

Mai Teku ya kwance tawul ya ɗaga katakon a gaban ruwa. Ba sai an kira alƙali ba. Tekun toka-toka ne, bakin gaɓa ma ruwan ƙasa-ƙasa, katakon kuwa yana ta sheƙi a hannunsa kamar baƙon da ya yi kwalliya ya zo gidan da ba a biki. Ya matsa gefe ya sake ɗagawa, ya runtse ido ɗaya, ya karkata shi. Ko kusa. Direba ya ce, "Ruwan wanke-wanke," amma muryar ba ta fito da ƙarfin da ya tanada mata shekara da shekaru ba. Mai Aski ya ce a dai jira ko rana za ta fito. Mai Teku ya ce ba komai, ya jingine katakon a jikin takalmansa. Ransa ya ɓaci ƙwarai. A idonsa har ya ga ƙanen Mai Aski a kan tsani yana warware fosta.

Amma teku ba ya barin mutum ya yi baƙin ciki a tsanake. Igiya ta kori Mai Aski ya faɗi zaune, Direba ya je ɗaga shi ita kuma ta biyun ta haɗa da shi. Suka naɗe wanduna suka shiga tsere da ruwa, in ya koma su bi shi da gori, in ya taso su zuba a guje. Mai Aski ya tsinci ƙaguwa, ƙaguwa ta tsince shi, ya yi rawar da bai yi ba ko ranar aurensa. Mai Teku ya cika wa uwargida kwalbarta ya soka a aljihu, ya ɗauki hotuna, rabinsu yatsa. Da yunwa ta kama su suka shimfiɗa tabarma a wani ɗan tudun yashi mai tauri kusa da ruwa, suka ci burodi da ƙwai da kifin gwangwani, Mai Aski yana cewa abin kunya ne a zo gidan kifi da kifi. Can daga wajen rumfuna wasu masunta suka yi ta ɗaga musu hannu suna kira. Direba ya ɗaga musu shi ma, ya ce mutanen nan akwai son baƙi.

Ciki ya cika, iska tana kaɗawa, suka miƙe a tabarma. Su biyun nan da nan suka fara minshari. Mai Teku ya juya wa tekun baya ya rufe fuska da hula, don ba ya son ƙara kallon launin. Yana tunanin yadda zai shiga shagon aski ya rasa abin da zai fara kallo, barci ya ɗauke shi.

Sanyi ne ya tashe shi, a gadon baya. Ya zabura ya ga tabarma tana motsi a ƙarƙashinsu. Gabas ruwa, yamma ruwa, filin da suka ratso da ƙafa babu shi. Takalmin Direba ya wuce ta gabansa a hankali kamar mai zuwa unguwa, jan filas yana binsa. Ya tashe su. Abin da ya biyo baya ba tafiyar dattawa ba ce. Ruwa ya kai gwiwa, ya kai cinya, Mai Aski ya ɗare bayan Direba yana salati, Direba yana tambaya ko ruwan sama aka yi a wani wuri. Masuntan da suka yi ta kira suka shigo suka kamo hannunsu suna dariya har suna riƙe ciki. Da suka kai tudu suka waiwaya, duk kwale-kwalen da ke kwance suna jiran damina sun miƙe suna lilo a kan ruwa.

Wani dattijon masunci ya yi musu bayani cewa haka yake yi kullum, ya tafi ya dawo, safe da yamma, ba ruwansa da rani ko damina. Mai Aski ya juya ya dubi Direba, masanin teku. Direba ya ce shi a tashar jirage katanga ce, ba a ganin tafiyarsa. Daga nan ya ja bakinsa ya tsuke, abin da ba a taɓa gani ba.

Sai a lokacin Mai Teku ya tuna da katakonsa. Direba, da kunya ta ishe shi, ya roƙi masuncin ya shiga da su su nemo kayansu. Mai Teku bai so shiga ba, amma suka ja shi. Ya zauna a tsakiyar kwale-kwalen ya riƙe gefe da hannu biyu, ya kafa ido a kan ƙafafunsa, ga tsoron ruwa ga ɓacin rai. Bai ma lura ba cewa gajimare ya yaye, rana ta fito tana dukan ƙeyarsa. Yana dai jin su suna tsintar kaya. Jan filas tun daga nesa aka hango shi. Ledar burodi ma haka. Takalma aka samu wasu, na Direba ƙafa ɗaya ya tafi ke nan. Katako kuwa babu. Masunci ya ce itace ba ya nutsewa, yana nan kusa, tunda tare suka taso da filas. Suka zagaya, suka sake zagayawa, ido shida a kan ruwa, ba su ga komai ba.

Can wani abu ya ƙwanƙwasa jikin jirgin. Igiya ta kifa shi, sai ga farin bayan katakon a fili, dab da hannun Direba. Kafin ya miƙa hannu wata igiyar ta sake juya shi, fuskar fentin ta koma sama. A gaban idonsa katakon ya ɓace. Yana nan, ana jin yana taɓa jirgi, amma ba a ganinsa.

Direba ya ɗaga ido ya dubi ruwan har nesa. Sannan ya ce a hankali, da wata murya da ba su san yana da ita ba, "Mutumina, ɗago kanka."

Mai Teku ya ɗago. Daga gefen jirgin har inda sama ta sauko, shuɗi ne. Ba na kanti ba, ba na sararin sama ba, nasa ne, wanda ya gwada a farce yana saurayi, wanda ke murfin gwangwanin tsohuwarsa. Ya sa hannu a ruwa, shuɗin da ke ƙarƙashin farcensa ya shige cikin na teku. Sai ya fashe da kuka, a gaban abokansa da baƙon mutum, bai kuma ji kunya ba.

Direba ya lalubo katakon da hannu zai ɗauko, Mai Teku ya ce ya bar shi, ya iso gida. Mai Aski kuwa, ba kan kowa a ƙarƙashin injinsa, ya yanke hukunci da bakinsa karo na farko a rayuwarsa: bango ya zauna.

Sauran hutun a kan tudu suka yi shi, nesa da ruwa, suna kallon tafiyarsa da dawowarsa kamar masu gadi. Iya ta ji labari ta yi dariya har ta share hawaye, ta ara wa Direba silifas ɗin mijinta. Da suka koma gida uwargida ta ɗaga kwalbarta a rana, ta ga ruwa fari tas, ta tambayi ina shuɗin. Mai Teku ya ce ba ya shiga kwalba, sai ta shirya ya kai ta. Fostar kuwa Direba ne da kansa ya saɓa ta a kafaɗa ya mayar wa ƙanen Mai Aski har gida, kuma yanzu duk wanda ya zauna a kujerar aski sai ya ji daga bakinsa cewa teku shuɗi ne, shi ya gani da idonsa.

Da lokacin taɓa bango ya zo, Mai Teku ya shigo da gwangwaninsa da buroshi. Bai canza launin ba ko kaɗan. Abu ɗaya ya ƙara, can ƙasa kusa da ɗan jirgin: baƙin takalmi ƙafa ɗaya, yana tafiya a kan ruwa.